Ɗakin Baffa

Halima, Safiya, wannan babin ku na fi nufi da shi, domin yayanku Baffa ya riga ya san abin da ke ciki, ummarku kuwa, Allah ya jiƙanta, ta tafi da nata sanin. Kun taso kuna faɗa wa ƙawayenku, yanzu kuma ina ji kuna faɗa wa 'ya'yanku, cewa council, wato ƙaramar hukumar da ke ba da gidajen haya, ita ce ta tashe mu daga gidan da aka haife ku, Baffa kuma ya bar mu ne don ya sami aiki ya ga ya fi ƙarfin zama da mu. Na sha jin wannan magana a bakinku, ban taɓa gyara muku ba. Duka biyun ba haka suke ba. Na san Hausa a rubuce tana ba ku wahala. Ku bi ta a hankali, inda ta gagara ku tambayi yayanku.

Gidan nan kun san shi: flat ɗin council mai ɗakin kwana uku, a hawa na huɗu, a arewacin Landan. Ɗaya namu ni da ummarku, ɗaya naku ku biyu, ƙaramin da ke jikin kicin kuma na Baffa, wanda muka zo da shi daga Zariya yana ɗan shekara huɗu. Lokacin da muka sami gidan ina koyar da Hausa a wata kwaleji a Bloomsbury. Ba cikakken malaminsu ba ne ni, awa-awa ake biyana, amma a gida ba wanda ya san bambancin. Malamin jami'a a Ingila ake ce mini, ni kuma ban taɓa musantawa ba. Sai ɗalibai suka fara raguwa, shekara bayan shekara, har aka bar ni da aji ɗaya a mako. Na kama aikin kwana uku a wani kantin littattafan addini, ummarku ta shiga aikin kicin a makarantar firamare, tana raba wa yara abincin rana. Duk da haka abin da muke haɗawa bai isa ya riƙe haya da ci da wuta ba. A nan ne na cika takardar neman housing benefit, wato taimakon da gwamnati ke bai wa mai ƙaramin samu don ya iya biyan hayar gida. Aka duba, aka ce mun cancanta, aka fara biyan kaso mai tsoka na hayar kai tsaye.

Ba sata ba ce, ba roƙo ba ne. Doka ce ta ba ni, kuma na yi shekaru ana cire haraji a albashina. Da wannan taimakon kuka kwana a ɗaki mai ɗumi, da shi kuka yi karatu a makaranta ɗaya ba a yi ta yawo da ku unguwa-unguwa ba. Yau ina iya rubuta haka ba tare da jin kunya ba. Amma a wancan lokacin, a kunnena, sadaka ce. Mahaifina tela ne a Zariya, kekensa ɗaya, kuma a zaurensa mutum goma suke cin tuwo kullum. Ban taɓa ganin ya miƙa hannu an sa masa ba. Saboda haka duk wasiƙar council da ta faɗo ta ƙofa a ambulan mai ruwan ƙasa, ni nake riga kowa ɗauka, in sa a jakar hannuna ta fata in kulle. Kowace safiya in sa kwat in ɗauki jakar in fita, ko ranar ina da aji ko ba ni da shi. Na ce wa ummarku kada yara su taɓa jin wannan magana, ta ce to.

Haka muka yi fiye da shekara goma, har Baffa ya gama jami'a ya sami aiki a wani ofishi a Aldwych, aikin kwamfuta. Ranar da ya karɓi albashin farko ya shigo falo ya durƙusa ya ajiye ambulan a gabana.

"Baba, ga wannan, a sa albarka."

"Allah ya yi albarka. Ɗauki abinka," na ce. "Gidan nan ba a rasa komai ba. Ka tara, aure na gabanka."

Ya ɗan jima a durƙushe kamar zai ƙara magana, sannan ya ɗauka ya fita. Ku da aka haifa a nan ba ku cika gane abin da ke tsakanin uba da ɗan fari ba. Sunan mahaifina gare shi, shi ya sa ba na kiran sunansa, Baffa nake cewa. Ban taɓa ɗaukarsa a bainar jama'a ba, ban taɓa yabonsa a gabansa ba. Ku kuna hawa kafaɗata kuna ja mini gemu, shi kuwa daga bakin ƙofa yake gaishe ni. Ba rashin so ba ne, haka aka rene ni. Amma ya sa duk wata magana mai nauyi ba ta da hanyar da za ta bi daga bakina zuwa kunnensa.

Dokar benefit ta ce duk canjin da ya faru a gida sai an sanar. Na rubuta musu cewa ɗana ya gama karatu ya kama aiki. Bayan 'yan makonni amsa ta zo: tunda akwai baligi mai albashi a gidan, ana ɗauka yana taimakawa da haya, don haka za a rage abin da ake ba mu. Ragin ba ƙarami ba ne. Na ɗauki wasiƙar na tafi ofishin council, aka haɗa ni da wata mata mai furfura, mai haƙuri, wadda ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla da Turanci mai sauƙi kamar ban taɓa shiga aji ba. Ta ce yawancin iyaye zaunar da ɗan suke yi su nuna masa takardar, ya cike gurbin, shi ke nan. Na tambaye ta:

"In kuma ba ya gidan fa?"

"In ya tashi, wannan ragin zai tsaya," in ji ta. "Amma ka saurara, akwai maganar ɗakuna da ya kamata ka sani."

Ban saurara ba. Na ji abin da na zo ji. Na yi mata godiya na miƙe, tana riƙe da wata takarda tana miƙo mini, na ce ina sauri ina da aji. Ba ni da aji a ranar.

Ranar Juma'a bayan an sallame a masallacin Regent's Park na ja Alhaji Issaka gefe. Kun tuna shi, mutumin Kumasi mai tuƙin tasi, wanda yake kawo muku cakulan. Shi kaɗai ya san halin da nake ciki, don shi ya fara nuna mini hanyar neman taimakon. Ya saurare ni yana gyara hularsa, sannan ya yi dariya da Hausarsa ta Zango.

"Malam, wannan ne ya hana ka barci? Ka rubuta musu yaro ya tashi. Shi yana ɗakinsa yana cin tuwonsa. Council ba ya zuwa ya ƙirga kai. Ƙanwata ya yi haka shekara biyar, ba abin da ya faru."

"Ba zan sa hannuna a kan ƙarya ba, Alhaji."

"To ka faɗa wa yaro ya biya. Ɗanka ne."

"Wannan ma ba zan iya ba."

"To me kake so? Ƙofa biyu ne, ka ƙi duka."

Na ƙi duka, na je na fasa ta uku a jikin bango. Na yi alfahari a ranar cewa ni mutum ne da ba ya yi wa hukuma ƙarya. Ban tsaya na ga cewa gidana nake shirin yi wa ba.

Ranar Lahadi bayan azahar na kira Baffa falo. Ku kuna ɗakinku, ummarku tana kicin. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa kamar yadda ya saba.

"Ka kama aiki, alhamdu lillahi," na ce, ina kallon talabijin da ba a kunne take ba. "Ni a shekarunka na bar gidan mahaifina. Ya kamata ka nemi wuri, ka koyi riƙe kanka."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi.

"Baba, wani laifi na yi?"

"Ba laifi. Girma ne ya zo."

"Zuwa yaushe?"

"Ƙarshen wata mai zuwa."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kuma maganar da na yi ƙarya ce. Ni ban bar gidan mahaifina ba sai da na yi aure, har a cikinsa aka haifi Baffan. Yana fita ummarku ta shigo da ludayi a hannu, ko ajiyewa ba ta yi ba.

"Malam, me na ji? A ina aka taɓa yin haka? Yaro bai yi aure ba, bai yi shaye-shaye ba, bai taɓa ɗaga maka murya ba. Mu Turawa ne?"

"Ke kin san dalili."

"Na sani, shi ya sa nake cewa ka yi masa magana. Yaron nan ba yaro ba ne, Malam, akwai abin da..."

"Magana ta ƙare, Hauwa."

Ta juya ta koma kicin. A ranar tuwon ya ƙone, aka ci shi haka.

Cikin sanyin Janairu ya tashi. Jaka biyu ya ɗauka da akwatin littattafai, ya bar gadonsa da teburinsa. Safiya, kina da shekara goma, kika riƙe masa hannun riga a bakin lif kina kuka kina tambayarsa da Turanci wa zai riƙa taya ki lissafi. Halima, ke sha huɗu gare ki, ko awa ɗaya ba a yi ba kika zo kika tambayi ummarku ko za ki iya komawa ɗakin. Na san har yau kina jin ciwon tsawar da ta daka miki. Ba da ke take ba. Ta rufe ƙofar ɗakin, kullum da safe ta shiga ta share, ta buɗe taga, ta sake rufewa. Da farko Baffa yakan zo ranar Asabar, lokacin da ya san ina kanti. In na dawo sai in tarar da ƙamshin miyar kuka a gidan, robobin abinci kuma sun ragu a kicin, in gane ya zo. Ba na tambaya, ita ma ba ta faɗa. Daga baya zuwan ya koma sau ɗaya a wata. Ni kuwa na rubuta wa council cewa ɗana ya tashi, na sa hannu da zuciya ɗaya, tunda gaskiya ce.

Sanyi yana ƙarewa wasiƙa ta biyu ta zo. A cikin bas na buɗe ta, muna tsaye a cunkoson Aldwych, ƙila ba nisa da tagar da Baffa yake zaune. Sau uku na karanta. Ta ce an cire wancan ragin, kamar yadda matar ta faɗa. Amma tunda yanzu mu huɗu ne a gidan, miji da mata da 'yan mata biyu da za su iya kwana ɗaki ɗaya, ɗaki biyu ya ishe mu. Na ukun rara ne, kuma gwamnati ba ta biya wa mutum hayar ɗakin da ba kowa a ciki. Za a rage. Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba. Kashegari na koma wurin matar nan mai furfura. Ta gane ni. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai jawo irin takardar da na ƙi karɓa ta ajiye a gabana, ta tambaye ni ko akwai yadda ɗan zai dawo. Na ce mata ya yi nisa.

Tsakaninmu da shi bai fi tafiyar minti arba'in a jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Ummarku ta roƙe ni, ba sau ɗaya ba. Ta ce in kira shi, ko in bari ita ta kira shi. Na hana. In ce masa me? Dawo, ashe lissafina bai fita ba? Kafin in faɗi wannan sai na faɗi abin da ke bayansa, shekaru goma sha wani abu na jakar fata da kwat. Na gwammace in ƙara kwana ɗaya a kanti, in karɓi aikin fassara duk inda na samu, in rage abin da nake aikawa Zariya in ce musu rayuwa ce ta yi tsada. Ummarku ta daina sayen nama sai ranar Juma'a. Kun lura, kun yi ƙorafi, aka ce muku likita ne ya hana ni. Watanni muka yi a haka, gurbin bai cike ba, kuma idona ya fara ba ni matsala da karatun ƙananan rubutu. Daga ƙarshe jami'in gidaje ya kawo shawarar musaya: akwai wani iyali mai yara huɗu a flat mai ɗaki biyu, a wata unguwa can gaba, suna neman babba. Su dawo namu, mu koma nasu. Suka zo duba gidan wata Asabar. Matar 'yar Somaliya ce, mai fara'a, ta shiga ɗakin Baffa da tef ɗin awo tana gwada ko gado mai hawa biyu zai shiga. Ummarku ta kawo musu shayi, ta koma banɗaki ta kulle ƙofa har suka tafi. A farkon azumi na sa hannu. Ku kuma na ce muku council ce ta ce mu tashi. Halima kika ce za ki rubuta musu wasiƙar ƙorafi, na ce ki bari, ba a ja da hukuma.

Ranar ƙaramar salla na gan shi a harabar masallacin Regent's Park, cikin taron jama'a, bayan an idar. Shi ya fara hango ni. Ya ratso ya rusuna.

"Barka da salla, Baba."

"Barka kadai. Kana lafiya?"

"Lafiya lau."

Ba lafiya lau ba ne. Rigar sallar bara ce a jikinsa, ta yi masa yawa a wuya, yana tari yana kau da kai. Na ce ummarsa ta yi waina. Ya ce a gaishe ta, yana da aiki da rana, zai leƙo wani lokaci. Ya sake rusunawa ya shige cikin mutane, irin gaisuwar da ɗan maƙwabci yake yi wa abokin babansa. Na tsaya riƙe da dardumata har Alhaji Issaka ya zo ya taɓa ni.

Da na koma gida ummarku ta dubi bayana ta ga ba kowa. Falo cike da kwalaye, don saura mako biyu mu tashi. Ta tura ku gidan maƙwabta kai abincin salla, sannan ta ce:

"Malam, zauna."

Tunda muka yi aure ba ta taɓa ce mini zauna da wannan muryar ba. Na zauna a kan kwali.

"Shekarar da Inna mahaifiyarka ta rasu, ka tafi gida ka yi wata biyu. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Takardar council ta zo bayanka. Suna neman shaidar albashinmu, in ba a kai ba cikin kwanaki za su tsayar da biya. Ni Turancina a lokacin na kasuwa ne. Waya kuma ba ta shiga, ko ta shiga kana cikin zaman makoki. Na nemo makullin jakarka na kwashi takardun, na je makaranta na ɗauko yaron nan muka tafi ofishinsu. Shekararsa goma sha ɗaya. Shi ya tsaya a gaban kanta ya yi musu bayani, kansa da kyar ya wuce teburin. Shi ya karanta mini komai. Da muka fito na sa shi ya yi mini alkawari ba zai taɓa bari ka san ya sani ba. Ya ce, Umma, ai ba zan so Baba ya ji kunya ba."

Abin da ya fara zuwa mini shi ne ambulan ɗin nan da ya ajiye a gabana, da ni ina ce masa gidan nan ba a rasa komai ba, shi kuma yana durƙushe yana ji.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na buɗe baki ka ce magana ta ƙare. Daga baya kuma tsoro ya kama ni. Na ce in ka ji na ɓoye maka shekara goma sha ɗaya, ban san abin da za ka yi ba. Na yi ta cewa gobe za ka sauko da kanka. Ni ma ina da nawa laifin, Allah ya gani. Amma yau salla, ɗana yana gari ɗaya da ni bai ci abincina ba. Na gaji."

Kashegari da hantsi na karɓi adireshin a wurinta na tafi. Gida ne a gabashin Landan da aka yanka ɗaki-ɗaki, mutum bakwai suna haɗa kicin ɗaya. Wani Bature ɗan Poland ya buɗe mini ƙofa ya nuna mini sama. Ɗakin Baffa a ƙarƙashin rufi yake, mutum ba ya iya miƙewa sosai sai a tsakiya. Bango ɗaya ya yi baƙi da danshi. A bakin taga ga robobin ummarku an wanke an jera. Ya ba ni kujerar, guda ɗaya ce, shi ya zauna a ƙasa. Ya sa ruwan zafi a butar lantarki, muka zauna muna sauraren ta tana tafasa, don ba wanda ya san ta inda zai fara.

"Ummarka ta faɗa mini," na ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Ita ta karya alkawarin, ba ni ba."

"Na sani."

"Baba, ranar da ka ce in tashi, na je na duba dokar. Na ga abin da ake cirewa in akwai ɗa mai aiki a gida." Sai ya koma Turanci, kamar yadda yake yi in magana ta yi masa nauyi, ya ce abin bai kai abin da yake biya a wannan ɗakin ba. Ya dawo Hausa. "Da ka ce in biya, da na biya har da ƙari, da murna. Sama da wata guda ka ba ni, kullum ina jira ka kira ni ka ce ga yadda ake ciki. Ko a bakin lif na ɗauka za ka ce in dawo da jakar. Da ba ka ce ba, sai na ce to, an auna ni da kuɗin, kuɗin ya fi nauyi."

"Ba kuɗin ba ne."

"To mene ne?"

"Ban so ka gan ni haka ba."

"Tun ina primary nake ganinka haka, Baba. Ina ganinka kana goge takalmi kana fita ranar da na san ba ka da aji. Ban taɓa raina ka ba. Ji nake ba wanda ya kai ka."

Ban taɓa kuka a gaban ɗayanku ba sai ranar. Ya tashi ya juya mini baya yana haɗa shayi, ya daɗe yana juya cokali fiye da yadda shayi yake buƙata, har na goge fuskata. Da ya miƙo mini kofin na ce masa ya yafe mini. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana duka. Na ce ya haɗa kayansa mu koma gida.

"Wane gidan? Umma ta ce ka sa hannu."

Na je council washegari na tambaya ko za a iya janyewa. An riga an gama komai, wancan iyalin sun sanar da makarantar 'ya'yansu, sun sayi gadonsu. Ko da ana iyawa, ban ga da wane ido zan kalli matar nan mai tef ba. Shi ma Baffa ya sa hannu a hayar shekara guda. Kafin shekarar ta cika aka ba shi aiki a Leeds, can ya yi aure, can yake har yau. Bai sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba. Tarin nan kuwa ya bi shi shekaru, duk sanyi sai ya tashi.

Ranar tashi shi ya yi hayar mota, ya zo da sassafe da wani abokinsa. Lif ya lalace a ranar, kun tuna, da ƙafa aka sauko da komai daga hawa na huɗu. Bai bar ni na ɗauki ko kujera ba. Gadonsa da teburinsa muka bar wa masu shigowa, shi da kansa ya ce a bari, yaransu za su yi amfani da su. Zuwa la'asar an shigar da kaya sabon gidan, abokin ya tafi mayar da motar, ummarku ta nemo tukunya a cikin kwali ta dafa taliya da manja, muka ci a ƙasa mu biyar, kwano ɗaya, kuna faɗa a kan wadda za ta kwana kusa da taga. Da aka gama ya wanke hannu ya jawo takalminsa.

"Ka kwana mana," in ji ummarku.

Ya dubi falon, kwalaye har rufi, ko wurin shimfiɗa darduma babu. Ya yi murmushi.

"A ina, Umma? Sai an kwashe. Zan zo Asabar in ɗaura muku labule."

Na ce bari in taka masa. Ban taɓa raka shi ko'ina ba, shi ma ya yi mamaki. Muka sauka muka tsaya a tashar bas, rana ba ta faɗi ba tukuna, irin doguwar yammar nan ta bazara. Ya tambaye ni ciwon idona, na tambaye shi aikinsa, karo na farko da na tambaya in ji ainihin abin da yake yi a ofishin. Ya fara yi mini bayani, rabi Hausa rabi Turanci, yana kwatance da hannu. Rabin abin ban gane ba. Bas ɗinsa ta zo ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi yana cikin magana. Ta biyu ta zo, ya dube ta, ya dube ni.

"Baba, ga wata."

"Bar ta ta wuce," na ce. "Ƙarasa mini tukuna."